Doktora a dokar ƙasa da ƙasa: yadda ake samunta, da abin da take tsinana wa Nijar



Akwai tambayar da iyaye suke yawan yi idan ɗansu ko ɗiyarsu ya daɗe a jami'a: wai shi wannan karatu ba ya ƙarewa ne? Ya ci BAC, ya yi lisans, ya yi masta, sa'o'insa sun kama aiki sun yi aure, shi kuma ya ce saura doktora. Idan aka ce doktorar ma a kan dokar ƙasa da ƙasa ce, sai abin ya ƙara ɗaure kai, don ba allura zai yi ba, ba magani zai rubuta ba. To yau za mu warware wannan magana daki-daki: mece ce doktora ta bincike, yaya ake samunta, kuma ina ruwan manomi da makiyayi da ɗan kasuwa da ita.

Dokta iri uku ne

Da farko mu raba kalmar, don mutum uku ne ake kira dokta, kuma hanyarsu ba ɗaya ba ce. Akwai likita na asibiti, wanda kowa ya sani. Akwai doktan girmamawa, wanda jami'a take ba wani babban mutum saboda hidimar da ya yi wa jama'a, ba tare da ya zauna aji ko ya rubuta komai ba. Sai na uku, doktan bincike, wanda ya ɗauki tambaya ɗaya tak, ya shafe shekaru yana tona ta, ya rubuta babban kundi, ya tsaya gaban manyan malamai ya kare abin da ya rubuta. Wannan kundi shi ne ɗalibanmu suke kira tez. A kan na ukun nan muke magana.

Kuma a lura, doktora a fannin doka ba ita ke mai da mutum alƙali ko lauya ba. Waɗannan ayyuka suna da tasu jarabawa da nasu horo daban. Abin da takardar doktora take shaidawa shi ne mai ita ya iya bincike da kansa, kuma ya ƙaro wa ilimi wani abu da babu shi a da.

Ita dokar ƙasa da ƙasa fa?

A gari, idan mutum biyu suka yi rikicin gona, akwai mai gari, akwai sarki, akwai alƙali. Su kuma ƙasashe babu sarkin da ke bisa kansu. Abin da ke riƙe su shi ne alkawuran da suka sa wa hannu da kansu, da al'adun da suka daɗe suna bi har suka ɗauke su tilas. Wannan ita ce dokar ƙasa da ƙasa. Ita ke faɗin inda iyaka ta tsaya, yadda za a raba ruwan kogin da ya ratsa ƙasashe, kariyar da jakada yake da ita, haƙƙin ɗan gudun hijira, da abin da aka hana ko da a fagen yaƙi ne.

Kotun Duniya da ke birnin La Haye na ƙasar Holand, mai alƙalai 15, ita ce babbar kotun Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ƙasashe kaɗai ke kai ƙarar juna gabanta. Aya ta 38 ta dokar da ta kafa ta ta lissafa inda alƙalai za su ɗebo hukunci: yarjejeniyoyi, al'adar ƙasashe, manyan ƙa'idojin shari'a, sannan a matsayin abin taimako, hukunce-hukuncen kotuna da rubuce-rubucen ƙwararrun malaman doka. Ku dubi na ƙarshen nan da kyau. Ashe abin da malami ya zauna ya rubuta yana iya taimaka wa alƙalan duniya su gane doka. A nan ne darajar bincike take.

Akwai kuma wani reshe da ya shafi ƴan uwanmu na ƙetare kai tsaye. Ɗan Nijar ya yi aure a Kumasi, ya gina gida a can, ya rasu ya bar ƴaƴa a Gana da wasu a Tawa. Dokar wace ƙasa za a bi wajen rabon gado? Kotun wace ƙasa ke da hurumi? Wannan ma dokar ƙasa da ƙasa ce, amma ɓangaren da ya shafi ɗaiɗaikun mutane, kuma ana yin doktora a kansa.

Tsibirin Lete: shari'ar da aka ci da tsofaffin takardu

Misali mafi kusa da mu shi ne na tsibirin Lete da ke cikin kogin Kwara, a yankin Gaya. Tun lokacin samun ƴancin kai a 1960 Nijar da Dahomey, wato Benin ta yau, suke jayayya a kansa. A ƙarshen 1963 dangantaka ta yi tsami har Nijar ta sallami ma'aikata ƴan Dahomey da ke aiki a ƙasar. Sai a 2001 ƙasashen biyu suka sa hannu a Kwatano kan cewa za su miƙa maganar ga Kotun Duniya.

A gaban kotu ba a tambayi wa ya fi sojoji ba. Ƙa'idar da aka bi ita ce wadda shugabannin Afirka suka amince da ita a Alƙahira a 1964: kowace ƙasa ta tsaya kan iyakar da ta gada ranar da ta samu ƴancin kai. To ina wannan iyaka take a 1960? Amsar tana cikin takardun Turawan mulkin mallaka. Benin ta dogara da wata wasiƙa ta 1954 daga ofishin gwamnan Nijar na wancan zamani, tana cewa iyaka a gaɓar hagu take, ke nan kogin da tsibiransa nata ne. Ita kuma Nijar ta kawo hujjojin da ke nuna yadda kwamandojin yankin suka riƙa gudanar da mulki, ciki har da wata wasiƙa ta 1914 daga kwamandan Gaya, da shaidar cewa daga Gaya ake kula da Lete.

Ranar 12 ga Yuli 2005 aka yanke hukunci. Kotu ta ce iyaka tana bin babbar hanyar da jiragen ruwa ke bi, inda kogin ya fi zurfi. Cikin tsibirai 25, Nijar ta samu 16, har da Lete, Benin ta samu 9. A ɓangaren kogin Mekuru kuwa, kotu ta karɓi hujjar Benin, ta ce iyaka tana bin tsakiyar kogin. Babu harsashi ko ɗaya da aka harba don a samu wannan hukunci.

Su wa suka tsaya wa Nijar? Wadda ta jagoranci tawagar ita ce ministar harakokin waje ta lokacin, Aishatu Mindawdu, wadda ita kanta doktora gare ta a dokar ƙasa da ƙasa daga jami'ar Sorbonne ta Paris, kuma daga baya ta wakilci babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a Kodebuwa daga 2013 zuwa 2017. Cikin waɗanda suka yi bayani gaban alƙalai akwai Amadu Tankoano, malamin doka a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, tare da wasu malamai daga Beljiyam da Kamaru da Burundi. Aikin da suka yi, wato tono takarda, auna ƙarfinta, haɗa ta da ƙa'idar doka, da rushe hujjar abokin shari'a, shi ne ainihin abin da ɗalibin doktora yake koyo a shekarunsa na bincike.

Haka aka sake yi da Burkina Faso. Ranar 16 ga Afrilu 2013 kotun ta shata iyakar ƙasashen biyu, kuma jayayyar ta ta'allaƙa ne kan fassarar wata dokar gwamna janar ta 1927 da gyaran da aka yi mata a wannan shekara, da wata taswira ta 1960. Kalma ɗaya a tsohuwar takarda tana iya yanke wa ƙauye guda ƙasar da zai kasance a cikinta.

Hanyar, mataki-mataki

Jami'o'inmu suna bin tsarin da ake kira LMD. Bayan BAC, shekara uku lisans, shekara biyu masta, sannan aƙalla shekara uku doktora. A lissafi shekara takwas ke nan bayan BAC. Amma a fannin doka, kundin yakan ci shekara huɗu, biyar, ko fiye, musamman ga wanda yake haɗa bincike da neman abin kai wa bakin salati. Ana karatun doka a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da jami'ar Jibo Hamani ta Tawa, kuma da yawa daga masu son zurfafawa sukan wuce Dakar, Wagadugu, Maroko, Faransa, Beljiyam ko Suwizalan.

Mataki na farko shi ne masta mai kyau, wadda aka rubuta ƙaramin kundin bincike a cikinta. Da shi malamai suke gane ko ɗalibi zai iya doguwar tafiya.

Na biyu, neman malamin da zai jagoranci aikin. Ba kowane malamin jami'a ke da izinin haka ba, sai wanda ya kai babban matsayi. Zaɓen nan yana da nauyi ƙwarai, don shekaru za a yi tare. Malamin da ya yi suna amma ba ya da lokacin karanta abin da ɗalibi ya rubuta, zai iya sa aikin shekara uku ya koma na bakwai. Wani lokaci jami'o'i biyu sukan haɗa hannu, ɗaya a gida ɗaya a waje, ɗalibi ya samu jagora biyu, yana kai da kawowa tsakaninsu.

Na uku, tambayar bincike. A nan ne da yawa suke tuntuɓe. Ba a cewa “zan yi bincike kan ruwa a Afirka”, wannan teku ne. Ana matse magana har ta koma tambaya ɗaya da za a iya amsawa. Mu ɗauki misali daga gida. Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake tasowa, ya shigo ta yankin Madarunfa, ya wuce Maraɗi, ya sake komawa Najeriya, kuma akwai madatsar ruwa ta Jibiya a samansa. A 1990 ƙasashen biyu sun sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kansa bisa adalci, wadda ta shafi Gulbin Maraɗi da Maggiya da Tagwai da Komadugu Yobe. Ɗalibi zai iya tambaya: mene ne “rabo bisa adalci” yake nufi a wannan yarjejeniya, kuma wace hanya doka ta ba ƙasar da ke ƙasan madatsa idan ruwa ya ragu? Wannan tambaya ce ta doktora, kuma amsarta ta shafi duk mai noman rani a fadamar gulbi.

Na huɗu, karatu da tono. Sai ɗalibi ya karanta duk abin da aka taɓa rubutawa kan batun, don kada ya zo da abin da wani ya riga ya faɗa yana tsammanin sabo ne. Sai ya bi yarjejeniyoyi, ya bi bayanan zaman da aka yi kafin a sa musu hannu, ya bi hukuncin kotuna a kan irin wannan rikici a wasu sassan duniya. Mai binciken iyaka dole ya shiga ma'ajiyar tsofaffin takardu ta Yamai, da ta Dakar inda aka ajiye takardun mulkin Faransa na Afirka ta Yamma, wani lokaci har Aix-en-Provence a Faransa. Ga kuma maganar harshe. Kotun Duniya da Faransanci da Ingilishi take aiki, kuma littattafai da yawa na wannan fanni da Ingilishi aka rubuta su. Ɗalibin da ya tsaya kan Faransanci kaɗai ya rufe wa kansa rabin laburare.

Na biyar, rubutu. Kundin doka yakan kai ɗaruruwan shafuka, kuma kowace magana sai an nuna inda aka samo ta. Wanda ya kwashi rubutun wani ya liƙa kamar nasa, sata ya yi. Yau akwai manhajojin kwamfuta da ke gano haka, kuma ana iya ƙwace takardar ko bayan shekaru. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na shida, ranar karewa, wadda ɗalibai ke kira sutnans. Kafin ranar, ana ba wasu malamai, galibi biyu, su karanta kundin su rubuta rahoto ko ya cancanci a kare shi. In sun amince, sai a sa rana. A bainar jama'a ake yi, iyaye da abokai suna iya shiga su zauna. Ɗalibi zai yi taƙaitaccen bayani, sannan malaman kwamitin su yi ta yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, awa uku ko fiye. Sai su keɓe su yi shawara, su dawo kowa ya miƙe tsaye, a sanar da sakamako. Daga wannan lokaci ne ake ce masa dokta.

Nauyin da ke ciki

Mu faɗi gaskiya, hanyar tana da tsada. Akwai kuɗin rajista kowace shekara, kuɗin littattafai, intanet, tafiye-tafiye, ga ci da sha da haya. A nan gida hukumar ANAB ce ke kula da burs na ɗalibai, kuma akwai tallafin da wasu ƙasashe da jami'o'in waje ke bayarwa, amma masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Akwai kuma makarantar dokar ƙasa da ƙasa ta La Haye, wadda ta fara aiki a 1923, tana ba da darussa na ƴan makonni, tana kuma tallafa wa wasu ɗalibai su halarta. Mai shirin wannan karatu ya kamata ya san da ita.

Abin da ya fi kuɗi wuya shi ne kaɗaici da matsin gida. A lisans akwai aji, akwai jarabawa, akwai abokai. A doktora mutum shi kaɗai ne da takardunsa, wata da watanni ba wanda zai ce masa ya yi daidai. A gefe guda kuma ana ta waya daga gida: yaushe za ka kama aiki, ƙannenka na jira. Ga mace abin ya ninka, don maganar aure da reno tana zuwa daidai waɗannan shekaru. Da yawa da suka ajiye kundi a tsakiya ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, lokaci da natsuwa suka rasa.

Don haka, ga iyaye da ƴan uwa na ƙetare masu aiko da taimako, ga tambayoyi huɗu da za ku yi wa ɗalibinku. Wace jami'a ce, kuma hukuma ta yarda da takardarta? Wane ne jagoran binciken? Mece ce tambayar da kake nema wa amsa? Kuma babi nawa ka rubuta bana? Ɗalibin gaskiya zai amsa su da Hausa ma, ba tare da kame-kame ba. A kuma yi hattara da masu tallar doktora a intanet cikin wata shida a biya kuɗi. Takarda ce kawai, ba ta da daraja a ko'ina.

Maganar yarda da takarda tana da muhimmanci. Ƙasashenmu masu amfani da Faransanci suna da hukumar CAMES, wadda aka yanke shawarar kafa ta a Yamai a 1968, cibiyarta kuma tana Wagadugu. Ita ke tantance takardun jami'o'i, ita ke ƙara wa malaman jami'a girma. Dokta a fannin doka da ke son zama babban malami sai ya bi ta matakanta, ciki har da gasar nan mai wuya da ake kira agregasiyon. Ke nan doktora ƙofar shiga ce, tsanin yana gaba.

Bayan an samu fa?

Wasu suna koyarwa a jami'a, su horar da alƙalai da lauyoyi da jakadun gobe. Wasu suna shiga ma'aikatar harakokin waje ko hukumar kula da iyakoki. Wasu suna aiki da ƙungiyoyi irin su Tarayyar Afirka, Majalisar Ɗinkin Duniya, ko Hukumar Kogin Kwara mai ƙasashe tara, wadda cibiyarta ke Yamai. Afirka ta fitar da manya a wannan fanni: Taslim Elias na Najeriya ya shugabanci Kotun Duniya daga 1982 zuwa 1985, Abdulƙawi Yusuf na Somaliya daga 2018 zuwa 2021, Butros Ghali na Masar kuma ya riƙe Majalisar Ɗinkin Duniya. Dukansu da doktora a fannin doka suka fara. Amma kada a ruɗi kai, takardar ba ta ba da aiki da kanta, kuma ba hanyar yin arziki da sauri ba ce.

Amfanin fannin bai tsaya ga gwamnatoci ba. Mutanen jahar Tawa ba su manta da shari'ar Hadijatu Mani ba, wadda aka sayar tana ƴar shekara 12. Da taimakon ƙungiyar Timidria da wasu lauyoyi, ta kai ƙara kotun CEDEAO. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce hukumomin ƙasa sun kasa kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Da yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa aka kafa hujjar wannan shari'a, kuma macen ƙauye ce ta ci moriyarsu.

Yau tambayoyin da ke gaban Nijar sun ƙaru. Ƙasarmu ba ta da teku, kuma yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta tanadi haƙƙin wucewa ga irin ƙasashenmu, to yaya ake cin moriyarsa idan iyaka ta rufe? Bututun mai da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin yana tafiya ne bisa yarjejeniyoyi. Saɓanin da ke tsakanin gwamnati da kamfanin Orano kan uraniyom ya kai gaban masu sasanci na ƙasa da ƙasa. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO a Janairun 2025, da kafa ƙawancen AES, sun buɗe sababbin tambayoyi kan zirga-zirgar mutane da kaya da zaman ƴan ƙasarmu a ƙasashen maƙwabta. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana buƙatar wanda ya san takardun ciki da waje. Ƙasar da ba ta horar da nata ba, sai ta ɗauko na waje da tsada, kuma kowa ya sani, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga matasa masu sha'awa, shiri tun daga lisans ake fara shi: a riƙe karatu da kyau, a koyi Ingilishi, a saba da rubutu, a kuma buɗe ido ga matsalolin da ke kusa, don sau da yawa tambaya mai kyau tana bakin gulbi ko a kan iyaka, ba sai an je nesa ba. Ga iyaye kuma, idan kun tabbatar ɗanku ko ɗiyarku na kan aikin da gaske, haƙurinku da addu'arku suna cikin abin da zai kai kundin nan ga ƙarshe.

Allah ya ba ɗalibanmu sa'a, ya sa ilimin ya amfani ƙasa da jama'arta. Mu kwana nan.